Amfilifaya Mai Kwalba Doki Ne, A Tanadi Harawa Kafin A Ɗaure Shi

'Yan uwana mazauna Shabu da Lafiya da sauran garuruwan da neman abinci ya kawo iyayenmu. Yau ba maganar farashin riɗi ko doya na zo da ita ba, kuma na san wasu daga cikin manyanmu in sun karanta za su ce yaron nan ya rasa abin yi. To a yi mini haƙuri, domin maganar ta shafi kuɗi, kuma duk abin da ya taɓa kuɗin gida ai ya taɓa kowa.

Abin da ke faruwa shi ne, 'yan shekarun nan samarinmu sun fara ɗaukar jita. Da can in ka ga jita a wannan yanki to a coci ne, a hannun maƙwabtanmu Eggon ko Mada ko Tibi, mu namu kalangu ne da kuntigi sai kuma fiyanon 'yan fim. Amma tun da bidiyon Abzinawan Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar suka fara yawo a wayoyi, yara suka ga mutum da rawani irin wanda muka saba gani a zango yana sa jita kuka a gaban dubban Turawa, sai abin ya shiga ransu. Ni kaina ina ciki, shekara 4 ke nan ina taɓawa in an rufe shago. Wanda ya mallaki jitar lantarki kuwa, abu na gaba da zai hana shi barci shi ne amfilifaya, domin ita jitar a karan kanta ba ta da murya, katako ce da waya. A nan ne wani ya raɗa wa yaranmu cewa amfilifaya mai kwalba shi ne na asali, sauran duk tarkace ne. Yanzu haka akwai wani ƙanenmu a unguwa da ya ƙudurta zai zuba duk abin da ya samu a kakar riɗi a kan wani tsohon Marshall mai wat 100 da aka turo masa hotonsa daga Legas. Ra'ayina a fili yake. Daɗin muryar mai kwalba gaskiya ne, babu ƙarya a ciki, amma yawancinmu a nan bai kamata mu saye shi ba tukuna, wanda kuma ya isa saye, ƙarami ya kamata ya nema.

Bari in fara da bayanin abin, saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. In ka leƙa bayan irin wannan amfilifaya za ka ga waɗansu 'yan kwalabe na gilashi a jere kamar ƙwan fitila, suna yin ja in an kunna. Turawan Ingila bawul suke ce musu. Duk wanda ya tarar da rediyon kakanni, wadda in an kunna sai an jira ta ɗumama kafin muryar Kaduna ta fito, to ya san su. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Fleming ya ƙirƙiro ta farko a 1904, wani Ba'amurke kuma, Lee de Forest, ya yi mata ƙarin da ya sa take iya ɗaga ƙarfin sauti a 1906. Da aka gano taransista a 1947, 'yar ƙarama, ba ta fashewa, ba ta cin wuta sosai, sai sannu a hankali rediyo da talabijin suka yi sallama da kwalba. Masu jita ne suka ƙi saki.

Dalilinsu kuwa abin ji ne da kunne. Kowane amfilifaya yana da iyakar ƙarfinsa. In ka matsa wa na taransista ya wuce iyaka, sai ya datse sautin tashi ɗaya, ka ji wata ƙara mai kaifi kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Ita kuwa kwalba in an matsa mata lanƙwasa sautin take yi a hankali, ya yi kauri, ya ɗan dushe kamar muryar maroƙin da ya kwana yana aiki a gidan biki, dusasshiya amma ta fi ta jiya da yamma shiga jiki. Wannan dushewar ita ce gishirin kiɗan rok. Ranar da na fara jona jitata a irinsa, a wajen wani dattijo makaɗin coci a Jos, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake bin hannu. In ka shafi tsirkiya a hankali sai ya yi maka magana tas, in ka dake ta sai ya yi gurnani, alhali ba ka murɗa komai a jikinsa ba. Kamar kalangu ne a hammatar gwani, matsawar hannu ce take sauya murya. Don haka duk wanda ya ce son kwalba son a sani ne kawai, wallahi bai ji ba ne.

Gidaje uku ne suka fi suna a wannan sana'a, kuma labarinsu yana burge ni a matsayina na wanda ya tashi a shago. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a wani gari da ake kira Fullerton a Kalifoniya, kuma har ya mutu a 1991 bai iya kaɗa jita ba. Kayansa muryarsu garau take. Shi kuwa Jim Marshall makaɗin ganga ne mai shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta Landan. Samari masu jita suka yi ta zuwa suna yi masa kukan cewa kayan Amurka sun yi tsada, kuma ba su ba da irin ƙarar da suke so, sai shi da masu gyaransa suka buɗe wani Fender mai suna Bassman suka kwaikwaye shi da kayan da hannunsu ya kai gare su a Ingila, suka fitar da JTM45 a 1962. Sauyin kayan nan ne ya sauya muryar ta koma mai gurnani, wadda Jimi Hendrix ya zo ya yi suna da ita. Na uku shi ne Vox, shi ma na Ingila, wanda ƙungiyar Beatles ta ɗauka, murya mai zaƙi. Mai karatu ya riƙe wannan, Marshall da kansa abin da ke kusa da shi ya duba, da abin da aljihun masu shigowa shagonsa zai iya.

Yanzu mu zo ga maganar wat, inda mai saye yake yaudarar kansa tun kafin mai sayarwa ya buɗe baki. Mu mun saba buhu 100 ya ninka buhu 50. To kunne ba haka yake lissafi ba. Tsakanin wat 50 da wat 100 bambancin ƙara ɗan kaɗan ne, kuma kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ninka sai ka ninka wat sau 10. Ke nan mai wat 100 ninki biyu kawai ya yi wa mai wat 10. Juya lissafin ka gani, mai wat 15 ƙararsa ta wuce rabin ta mai 100, kuma ya isa ya yi gogayya da mai ganga a ɗaki ko a rumfar biki. Su kansu manyan an yi su ne saboda wata larura da ta wuce. A 1965 Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya matsa wa Marshall ya ƙera masa mai wat 100, saboda a lokacin babu manyan lasifikokin taro na kirki, amfilifayan jita shi zai cika zaure da kansa. Yau ko a filin ƙwallo ake wasa, makirfo ake kafawa a gaban amfilifaya a tura sautin cikin manyan lasifikoki, kuma duk mai ba da hayar kayan sauti na biki a Lafiya yana da irinsu.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Daɗin kwalba ba ya fitowa sai an matsa mata. Shi ƙanen namu in ya murɗa mai wat 100 ɗinsa a lamba 1 ko 2, ya sayi ingarma ne ya ɗaure a ɗakin kwana. In kuma ya murɗa shi inda zai yi daɗi, har masu wucewa a titin Akwanga sai sun waiwayo. Eric Clapton, wanda duk mai jita ya san sunansa, da ya zo ɗaukar waƙar Layla a 1970 da Fender Champ ya yi aiki, ɗan ƙaramin akwati mai wat 5 da bai fi katan ɗin taliya ba, don shi ne za a iya murɗewa har ƙarshe mutane suna zaune a ɗakin.

Wannan magana ta ƙara ba ƙarama ba ce a wurinmu. Mu a nan, ko da an haife mu a nan kamar ni, in zance ya taso sunanmu Hausawa mazauna. Gidajenmu na haya ne ko a manne da na masu gari, katanga ɗaya, wani wurin ma zana ce tsakani. In ɗan gari ya cika wa mutane kunne sunansa za a kira. In ɗayanmu ya yi, yaran Hausawan nan za a ce, maganar ta je gaban manyan zango, ta dawo kan iyayenmu da suka shekara 30 suna lallaɓa zaman tare. Masu garin nan Gwandara ne, waɗanda tarihin baka ya ce daga Kano kakanninsu suka taso, har ake danganta sunan nasu da son rawa, don haka ba mutane ne masu ƙin kiɗa ba. Amma son kiɗa daban, a hana jaririnka barci daban. Baba bai taɓa ce mini in ajiye jita ba, sharaɗinsa biyu ne, kada a ji ta lokacin salla, kuma kada ƙara ta jawo masa ƙara. Maganar hukuncin kiɗa kuwa na bar wa malamai, ba fagena ba ne.

Amma babbar matsalar, wadda mai turo hoto daga Legas ba zai faɗa maka ba, ita ce wuta. Kafin komai a juya bayan akwatin a karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta take shiga. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Kayan tokumbo da yawa daga Amurka suke zuwa, kuma amfilifaya mai kwalba ba kamar cajar waya yake ba da take karɓar kowace irin wuta. In ka jona mai 120 a bangonmu, in Allah Ya taimake ka fiyus ne zai tsinke, in ba haka ba taransifoma ce za ta tafi, ita kuwa tana cikin abubuwan da suka fi tsada a akwatin. Akwai taransifomar rage wuta, ana samu, amma ka ƙara wa kanka kaya ke nan, kuma rana ɗaya ce wani ƙanenka zai jona kai tsaye don ba ka gida.

Ko wanda aka yi don wutarmu, sai an duba irin wutar da muke samu. Gaskiya tun da aka buɗe babbar tashar Akurba a 2022 an ga sauƙi a Lafiya da kewaye in aka kwatanta da da, amma kowa ya san yadda fitila kan yi ja da magariba in duk unguwa ta kunna kayanta, da yadda wuta kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. Shi wannan amfilifaya wutar bango yake ɗauka ya ɗaga ta zuwa bolt 300 ko 400, wani har kusan 500 a cikinsa, sannan ya ware wata 'yar kaɗan, bolt 6.3, don ɗumama kwalaben. A yawancinsu babu abin da ke daidaita ta, in ta bango ta hau ta ciki ta bi ta, in ta sauka ta sauka. Wuta ta yi ƙasa, murya ta yi laushi kamar mai jin yunwa. Ta yi sama, kwalabe su tsufa da wuri, kondensa ta fara kumbura. Ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, mai hawa da sauka kamar numfashin wanda ya yi gudu, shi ne babban abokin gabarsa. Dole sai da sitabilaiza ta kirki a tsakani. Bugu da ƙari, ko ba ka kaɗa komai, muddin a kunne yake yana cin wuta, domin kwalaben sai da zafi suke aiki. Wanda yake dogara da inbata zai ga batirinsa yana zuƙewa, wanda kuma yake dogara da inji, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ba sai an gaya masa abin da awa ɗaya take ci ba.

Sai maganar da ta fi kuɗi, wato rai. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin ƙarfen amfilifaya ta cikin wayar da ka jona. In wuta ta zame ta taɓa jikin ƙarfen, abin da zai kwashe ta ya kai ƙasa shi ne ƙafa ta uku ta fulogi, wadda masu aikin wayarin ke kira at. Gidaje nawa ne a unguwarmu aka binne musu wannan waya? Sau nawa muka ga an karya ƙafar ta uku, ko an fere waya an cusa a soket an tokare da tsinken ashana? In babu ita, kai ne hanyar ƙasa, musamman in kana tsaye ba takalmi a kan siminti mai danshi, hannunka a kan tsirkiya, leɓenka a kan makirfo. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotlan mai suna Les Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea, a gaban 'yan kallo, da ya taɓa makirfon da ba a haɗa wa wayar ƙasa ba. A 1976 Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds ya mutu a cikin gidansa yana kaɗa jita, wuta ta ja shi. Wannan haɗarin yana kan duk amfilifayan da ake jonawa a bango, amma tsofaffin masu kwalba na Amurka sun fi, domin da yawansu da ƙafa biyu aka yi su tun asali. Kuma don Allah kada kowa ya kwance bayansa ya sa hannu wai don ya zare fulogi. Kondensa tana riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an kashe akwatin.

Zafin Lafiya na watan Maris ba sai na ba kowa labari ba, ga su kwalaben su ma ƙaramin murhu ne, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, ga danshin damina. Ga nauyi, kan Marshall mai wat 100 da akwatinsa mai sifika 4 sun haura kilo 50, sun fi buhun siminti. Ka ɗora gilashi mai wannan nauyi a keke-napep ka bi da shi hanyar ƙauye zuwa gidan biki, ka ga abin da zai rage.

Sannan kwalba abin ƙarewa ce, kamar tayar mota. Ƙananan na gaba, da ake kira 12AX7, suna yin shekaru. Manyan na baya kuwa, EL34 ko EL84 ko 6L6, mai kiɗa kullum yakan sauya su duk shekara 1 ko 2, kuma ba a sauya ɗaya, sai biyu-biyu waɗanda aka gwada ƙarfinsu ya zo daidai. Mai wat 100 guda 4 yake ɗauka. A wasu amfilifayan ma in an sauya sai mai gyara ya sake saita wutar da ke ratsa su da mita. Masana'antun da suka rage suna yin su a duniya 'yan ƙalilan ne, akwai ta garin Saratov a Rasha, akwai JJ a Sulobakiya, sai wasu a ƙasar Sin. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, maganar hana fitar da kaya ta sa kwalabe suka yi wuya har a Amurka, farashi ya tashi. In Ba'amurke ya yi kuka, kai da ke Shabu, da nairar da aka sake ta ta nemi farashinta a 2023, me za ka ce? Ni dai na zaga shagunan kayan wuta na Lafiya ban tarar da mai sayar da ko ɗaya ba, sai dai a aika Legas ko Abuja, ko a jira mai dawowa daga waje.

Wani zai ce, kuma yana da gaskiya, ai tsohon amfilifaya mai kwalba ya fi na zamani gyaruwa. Haka ne. Cikinsa a fili yake, waya ce da 'yan kayan da ake iya cirewa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa waɗanda aka ƙera tun shekarun 1960 suke aiki har yau, alhali na zamani mai kwamfuta a ciki in allonsa ya ƙone sau da yawa sai dai a jefar. Amma gyaruwa sai da mai gyara. Dattawan da suka koyi aiki a kan rediyo mai kwalba sun ƙare, waɗanda suka rage ido ya tafi, yaran da suka gaje su kuma waya da talabijin na bango da inbata suka iya. Wanda bai san kan abin ba yana iya kunna shi ya tura masa sauti ba tare da sifika a jone ba don ya gwada, abin da ba ya yi wa na taransista komai, shi kuwa mai kwalba hakan yana iya ƙona masa taransifomar fitar da sauti. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka wa zai gyara, kuma a wane gari yake.

Abin da ya fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi shi ne su mutanen da suka sa mu son abin tun farko. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinanmu. Babu kamfani, babu talla, daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bi Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga ciki, ya sa ta a wani tarin waƙoƙi da ya fitar a 2011, ya bi sawunsa har ya same shi. Bombino na Agadas faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy, su Tinariwen na Mali kuwa sun ci ta a 2012. Duk wanda ya kalli bidiyon bukukuwan aure na Agadas zai ga abin da ake jonawa, ƙananan amfilifaya masu taransista a kan tabarma ko a kan rairayi, janareta yana kuka a gefe. Wannan kaifin da ke cikin kiɗansu, wanda Turawa ke biyan kuɗi su ji, daga waɗannan akwatuna masu araha da aka murɗe har ƙarshe ya samo asali. Yau in sun je Turai ana jera musu manyan kaya, amma hannun a kan ƙananan ya ƙware. Shi kansa Hendrix, kafin sautin jitarsa ya isa ga Marshall, sau da yawa sai ya ratsa ta wani ɗan akwatin takawa mai suna Fuzz Face, wanda taransista 2 ne kacal a cikinsa.

Mu kuma a gidan kasuwa muka tashi, mun san bambancin uwa da riba. Kuɗin kakar riɗi uwa ce, da ita za a shiga kaka mai zuwa. Babur in ka gaji da shi a yini ɗaya za ka sayar, shi kuwa wannan akwati masu sayensa a duk jihar nan ba su cika yatsun hannu ba, kuma kowannensu ya san kai ne a matse.

To wanda bai shekara 2 ko 3 yana kaɗawa ba, ko bai fara samun gayyatar da ake biyansa ba, shawarata ya nemi na taransista, ko irin na zamani masu kwaikwayon muryar kwalba, kamar Boss Katana mai wat 50 da ya fito a 2016, ko ƙananan Roland Cube da wasunsu ke aiki da batir irin na ƙaramar rediyo. Ba su da nauyi, inbata ko sola na ɗaukarsu, kuma akwai inda ake jona abin kunne, ka yi ta kiɗanka da tsakar dare ba wanda ya sani. Ba zan ce muryarsu ɗaya da ta kwalba ba, mai kaɗawa yana jin bambancin a yatsunsa. Amma a rumfar biki, ta cikin lasifikar haya, ga guɗar mata ga hayaniyar yara, ban ga wanda zai rantse ya bambance ba. Ragowar kuɗin a sa a tsirkiyoyi da waya mai kyau, a kuma biya wani gwani ya gyara maka hannu.

Wanda kuwa hannunsa ya nuna, yana da ɗakin da wutarsa take da wayar ƙasa, ya kuma san mai gyara, to bismilla. Ya nemi mai wat 15 zuwa 20, wanda amfilifaya da sifika suke a akwati ɗaya, sifikar mai inci 12, kuma a bayansa an rubuta 230 ko 240. Ya fi kyau ya zama yana da abin murɗawa biyu, ɗaya na matsa wa kwalaben gaba, ɗaya na ƙarar da za ta fito, domin da su ake samun gurnani ba tare da an tashi unguwa ba. Irin su Vox AC15, Fender Blues Junior, Orange Tiny Terror da Bugera V22, wanda ya fi su sauƙin kuɗi, duk EL84 da 12AX7 suke ɗauka, waɗanda suna cikin kwalaben da aka fi samu, sai dai shi Tiny Terror kai ne kawai, sifikarsa daban ake saye. Mai son muryar Marshall dole, akwai DSL20, ya ishe shi. Ni da zan zaɓa AC15 zan ɗauka, saboda irin haɗinsa ba ya buƙatar a sake saiti in an sauya kwalabe, wanda a garin da babu mai gyara ba ƙaramin abu ba ne. Kuma kada a kashe kuɗin duka a kan akwatin, a ware kamar kashi 1 cikin 3 don sitabilaiza da kwalaben ajiya da fiyus.

Kada a saya a hoto. A shiga mota a je Alaba ko Abuja ko Jos da jitar da aka saba da ita, a sa mai kaya ya kunna, a bar shi a kunne kamar minti 30, domin wasu cututtukan sai ya yi zafi suke fitowa. A leƙa baya. Ɗan jan haske a tsakiyar kwalba lafiya ne, amma in farantin ƙarfen da ke ciki ya yi ja kamar garwashi a kashe nan take. A saman kowace kwalba ko a gefenta akwai wani tabo mai ƙyalli kamar madubi, in ya koma fari kamar alli iska ta shiga, ta mutu. A ɗan ƙwanƙwasa ƙananan da bayan biro a hankali, in sifika ta amsa da ƙara kamar ƙararrawa wannan kwalbar ta kusa. A murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar yashi, a zare jita a saurari ko akwai gunji, a sunsuna wajen taransifoma ko akwai ƙaurin ƙuna. A kuma yi hattara da waɗanda aka sa wa 'yar kwalba guda ɗaya a gaba don ado, sauran cikin duk taransista, ana sayar da su da sunan masu kwalba. Na gaskiya taransifoma 2 gare shi, ɗaya ta wuta ɗaya ta sauti, kuma hannunka zai gaya maka in ka ɗaga. In mai kaya ya ce babu wuta a shago amma an gwada jiya, ka biya kuɗin man inji daga aljihunka a tayar a gabanka.